Talatu mai lalle ta tafi, hannun Hauwa na nan fari

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ina wasa aska da safen nan aka zo aka ce mini Talatu mai lalle ta rasu. Tun ɗazu na kasa zama wuri ɗaya.

Ni ban iya rubutu ba. 'Yata ke danna wayar, na ce ta sa yadda na faɗa, kar ta gyara mini.

Duk wanda ya san layinmu a Agege ya san ba a kai amarya sai Talatu ta sa mata lalle. Ni kuma wanzami ne. Yawancin yaran layin nan ni na yi musu askin suna, kuma ban manta ko ɗaya ba.

To, idan aka kawo mata aikin biki, ba ta jiƙa lalle sai ta biyo ta rumfata.

"Baba Wanzami, 'yar wance yaushe ka aske ta?"

In na faɗa ta ga yarinya ce, sai ta ce ba ta yi. Ko an ninka mata kuɗi.

Mata sun zage ta. Wasu suka ce zaman Legas ya mayar da ita Bayarabiya. Wata ta tsaya a gabana tana ce mata, "Ɗaki ɗaya gare mu, ga 'yan okada masu haya da babur cike da bakin layi. Ke za ki tsare mini 'yar tawa?"

Talatu ta ce, "Kawo ta ta kwana a ɗakina, ta koyi kwaɓi."

Aka kawo ta kuwa. Yau tana da shagonta a Oshodi.

Ni ma mun sha faɗa. Na ce mata maganar mata ce, ta daina jawo ni ciki. Ta ce, "Ni da aka sa mini lalle, 'yartsanata na ɗaure a bakin zanena. Kai dai faɗi shekara, sauran nawa ne."

Da matata ta rasu, kunun Talatu bai taɓa fashi a rumfata ba har aka yi arba'in.

Ganinmu na ƙarshe, ta zo tana dafa bango. Shekarun Hauwa ta tambaye ni, 'yar maƙwabciyarta. Na ce shekarar da ruwa ya ci layinmu na aske ta, ba ta kai sha huɗu ba. Ta ce, "Uwar ta ce sha takwas. In na kwanta, daga wata unguwa za su ɗauko mai lalle."

Ɗazu a gidan gaisuwa uwar Hauwa ta matso kusa da ni, ta ce, "Baba, tsufa ya zo, lissafi yakan ruɗe."

Bai ruɗe ba, uwar Hauwa. Na san tsoro ne ke damunki, ba mugunta ba. Amma ni na riƙe kan yarinyar nan a tafin hannuna.

Duk mai lallen da aka kira layinmu satin nan, rumfata na bakin masallaci. Ki biyo ki tambaye ni kafin ki jiƙa.

Allah Ya jiƙan Talatu, Ya sanyaya makwancinta yadda ta sanyaya wa 'ya'yan mutane. Wanda ya karanta ya sa ta a addu'a, ya sa Hauwa ma.