Shekarar da Hama Ya Daina Shiga Rijiya

Shekara goma sha ɗaya ni Kalla ina riƙe wa Hama igiya. Shi yana ƙasa yana gina, ni ina bakin rijiya ina jawo kwandon ƙasa, kunnena na kan motsinsa. Tare munka tashi a wani ƙauye kusa da Azarori, ƙofar gidanmu na kallon tasu. Aji uku kawai na yi a lakkwal, makarantar boko, amma ina so in rubuta yadda ya rayu tun muryarsa ba ta ɓace mini ba.

Ginar rijiya gado ne a gidansu, kuma a cikinta ubansa ya mutu. Rijiya ta rufta masa a zurfin gaba goma sha huɗu. Kwana biyu ana tono ƙasa na ƙara zubowa, har liman ya ce a dakata kada a rasa wasu. A bakin ramin anka yi masa salla, anka cike. Hama bai fi kowa tsoron mutuwa ba. Abin da yake tsoro shi ne ya tafi babu wanka, babu likkafani, kamar ubansa.

Kowace shekara ranar cika-ciki, in mun ci tuwo mun ƙoshi, sai ya jawo ni gefe.

"Kalla, bana na gama. Ba ni ƙara shiga rijiya."

"Bara ma haka ka ce."

"Bara ban ƙoshi kamar bana ba."

Sai mu yi dariya, amma idonsa ba ya dariya. A shekarun nan sabuwar shekara tana faɗowa bayan kaka, rumbuna cike, rijiyoyi da ruwa, babu mai nemansa. A irin wannan lokaci, alkawari ba ya da wuya. Kuma ni kaɗai yake gaya wa, dagin da yake gina da shi yana nan jingine a ɗaki. Da bazara ta shigo, ruwa ya ja baya, sai ka ga dattawan wani gari sun zo sun zauna a ƙofar gidansa, suna cewa matansu na yini a bakin rijiya kan tulu ɗaya. Hama ba ya iya kallon tsoho ya ce masa a'a. Kuma ba ya da wani aikin rani sai wannan.

A bazarar 1978 munka tafi yasar wata tsohuwar rijiya wajen Urno. Da hantsi ina riƙe da igiya na ji wani sauti kamar an zazzage buhun gero. Igiyar ta yi nauyi a hannuna. Na leƙa, ƙura ce kawai ke tasowa.

"Hama!"

Shiru. Can na ji muryarsa ƙasa-ƙasa.

"Kada ku ja. Ƙasa ta kai mini ƙirji. Ku ja da baya daga bakin, kuna ƙara zubo ta."

Mutum goma munka kwanta rubda ciki, babu mai tari. Da hannunsa ya dinga kwashe rairayin yana zubawa a kwando, ni ina ja a hankali, kowane kwando ina jin kamar shi ne na ƙarshe. Sai bayan azahar munka fito da shi. Ya kwanta a ƙasa, ya riƙe rigata kamar za a ƙwace ni.

Ranar cika-ciki ta wannan shekara ya sake yi mini alkawari, har da hawaye. Da bazara ya sake shiga. Tun daga nan ni ne na koma matsoraci. In kwando ya gogi bango ƙasa ta zubo kaɗan, sai in tsaya in ƙwala masa kira.

Matarsa Jaratu ce ta gano inda abin yake lalacewa. Wata rana na zo ɗaukarsa, ta tare ni a zaure.

"Malam Kalla, kai ne rumbun alkawuransa, ko? Kowace shekara shi zuba, kai ka rufe baki."

"To mi zan yi, Jaratu?"

"Alkawarin da mutum biyu kaɗai sunka sani, wa zai ji kunya in an karya shi? In da gaske maigida yake, shi faɗa gaban jama'a, kuma shi faɗa yanzu da ake nemansa."

Hama yana bayan zana yana ji. Ba mu tafi aiki ran nan ba.

Juma'ar da ta biyo, ana tsakiyar zafi, baƙi uku daga Sabon Gida na zaune suna jiransa. Bayan salla ya miƙe a ƙofar masallaci.

"Jama'a, ku shaida. Daga yau ba ni ƙara shiga rijiya. Wanda duk ya gan ni da igiya a ƙugu, shi tuna mini da ubana."

Daga nan bai koma gida ba. Ya sa na ɗauko dagin, munka kai maƙera, ya tsaya har anka narka bakinsa anka ƙera masa hauya. Kashegari ya roƙi kawunsa ɗan fili a fadama, ya fara shirin albasa, don kada rani ya same shi zaune.

Wasu sun ji haushinsa. Mafi wuya ita ce 1984, da damina ta ƙi, rijiyar garinmu ta kafe. Maigari da kansa ya zo har fadama roƙonsa. Ina tsaye ina kallon Hama riƙe da ƙotar hauya, na tabbata zai koma rijiya.

"Ranka shi daɗe," ya ce, "a gabanka na faɗa. In na shiga, kai ma da ka shaida ka karya alkawarin."

Amma bai bar mu ba. Ya zauna a bakin rijiyar kwana goma sha biyu, ya hana kowa sauka sai da anka ɗaure bangon da duwatsu tun daga sama, gaba bayan gaba. Masu ginin sunka yi ta gunaguni wai yana ɓata lokaci. Ruwa ya fito, babu wanda ko ƙwarzane ya samu.

Tari ya kama shi bayan shekara uku. Lokotoro a asibitin Madawa ya ce ƙurar da ya shaƙa tun yana saurayi ce. Ya rasu da safe, a kan tabarmarsa, Jaratu na gefensa.

Ni na yi masa wanka. Na zuba ruwan a hankali, na wanke har tsakanin yatsunsa, inda ƙasa ta saba maƙalewa. Munka sa shi a farin likkafani, munka ɗauke shi a kafaɗa, gari duka na biye. Allah ya jiƙan abokina, ya sa ƙasar ta yi masa sauƙi.