Jirgin Igiya

Kakana na wajen uwa ya yi yaƙin Bama, kuma mu jikokinsa mun ci masa fuska a kai. Wasan kaka da jika ne, amma mun wuce gona da iri. Labarinsa guda ne ya fi ba mu dariya. Wai Amurkawa sun sa su cikin jirgin sama marar inji, har da alfadarai, wani jirgin ya ja su da igiya ya sake su a tsakiyar daji. Muka sa masa suna Mai Jirgin Igiya. Ni ne ma na taɓa ɗaure kwali da zare na ja a gabansa ina kukan jaki. Ya yi murmushi, amma daga ranar bai sake ba da labarin ba. Ina ɗan shekara goma sha biyu, ban ko lura ba.

Na girma na tafi karatun injiniya a Guangzhou, ƙasar Sin. Na kama ɗaki a unguwar Panyu saboda ya fi araha, a gidan wata mata da ke zaune da mahaifinta, tsoho tukuf wanda aikinsa ke nan zama a baranda da kofin shayi. Ba na son alwala a banɗaki, sai in ɗauki butata in tsuguna a barandar. Kullum tsohon nan sai ya zuba mini ido. Abin ya dame ni, don na gaji da kallon da ake yi mana a jirgin ƙasa, har na fara ɗaure masa fuska.

Wata la'asar ina shafar kai ya kira 'yarsa, ya yi ta magana da yaren garin, wanda ba na ji. Ta mayar mini da Sinancin makaranta: ya ce na manta kunne. Na tsaya da buta a hannu, don ban ma kai wurin ba. Ya san abin da ke biye.

Ashe soja ne a da. A dajin Bama ya ga baƙaƙen sojoji suna yin haka, ga ƙishirwa, ga ruwan gora kaɗan, amma sai mutum ya tsiyaya a tafin hannu ya wanke fuska da ƙafa. Ya ja yatsa a kumatunsa, ya nuna mini irin zanen fuskarsu. Irin na kakana ne.

Na zauna, aka zuba mini shayi. Don in nuna na yi boko, na ce ai a Turai yaƙin ya fara, da Jamus ta afka wa maƙwabta. Tsoho ya kaɗa kai har da tsaki. Ya ce a nan ya fara. Tun kafin Turawa su farga, jiragen Japan na zuba wuta a kan wannan birni, a nan ya rasa uwarsa. Amurkawa kuwa suna gefe suna kallo, sai da aka ƙona musu jiragen ruwa a tasharsu sannan suka shigo. Amma da suka shigo, in ji shi, sun shigo da sama ɗungurungum, shinkafa ma daga sama suke jefowa.

Na tambaye shi yadda baƙaƙen suka shiga dajin. Ya ɗauki kofi da murfinsa, ya sa kofin gaba, murfin baya, ya ja su a iska tare, sannan ya saki murfin ya sauka a hankali a kan tebur. 'Yarsa ta ce, da igiya. Ya ƙara wata kalma yana dariya, ta yi ɗan tunani ta ce, har da alfadarai.

Kunya ta rufe ni, irin wadda ban taɓa ji ba.

Washegari na shiga jirgin ƙasa zuwa kasuwar Tianxiu, shagon wani Bakano da muke bugo waya gida. Inna ce ta ɗauka. Ta ce jikin Kaka sai a hankali, kunnen ma ya yi nauyi, sai na ɗaga murya. Ta miƙa masa wayar. Haka na tsaya a tsakiyar 'yan kasuwa da dilolin kaya ina ihu.

"Kaka, na ga wanda ya ga jirginku. Na igiya. Gaskiya ka faɗa, ka yafe mini."



"Ja'iri," ya ce. "Sai da ka je Sin?"

Ya tambaya ko mutumin yana da lafiya, ko yana da mai kula da shi. Ya ce in gaishe shi, in ce masa an gode da zaman daji. Sai na ji ya juya yana magana da Inna, ya manta wayar na hannunsa.

"Tara mini yaran nan in an yi sallah. Akwai labarin da ban ƙarasa ba."