Guɗar Asama'u

Duk wanda tayar babur ta taɓa sace masa a tashar Kunci ya san Dallatu mai faci. Dogo ne siriri, gemunsa fari fat, hannayensa kuwa baƙi ƙirin saboda gam da taya. Da damina yana gonarsa ta gero da gyaɗa, da rani yana rumfa. Ya haura sittin bai taɓa wuce Kano ba, amma in ana zancen waƙa sai ka rantse ya zaga duniya.

Rumfarsa tana jingine da ta Kamaruddeen mai cajin waya, magidancin nan da yake tura wa mutane waƙoƙi. A tsakanin rumfunan biyu ake majalisa bayan la'asar. Direbobi, 'yan acaɓa, manoman da suka taso daga gona, kowa da gwaninsa, kowa kuma ya fi kowa sani. Wannan ya ce ya kalli nasa ido da ido a Kano, wancan ya ce a wani biki a Ɗanbatta ya tsaya jikin lasifika har kunnensa ya kwana uku yana ƙara, kuma wai abin alfahari ne. Dallatu sai ya bari sun gama kumfar baki, sannan ya ce, “Ku dai ba ku ga Haladu ba.”

Haladu Na-Tsamiya mai kukuma ne, ya daɗe da rasuwa, bai taɓa shiga gidan rediyo ba. Abin da ya rage na muryarsa kaset ɗaya ne, kuma a hannun Dallatu yake. Shi ya ɗauka da kansa, shekara arba'in da suka wuce, ranar da Haladu ya yi wasa a bakin kasuwa bayan an gama kaka. Dallatu yana saurayi lokacin, ga sabuwar rediyo mai kaset, ga sabon batir, ya kutsa cikin taro yana rungume da ita.

A bayansa, cikin 'yan mata, akwai Asama'u, wadda aka riga aka sa musu rana. Ana tsakiyar waƙar manoman gyaɗa, kiɗa ya yi daɗi, ta rangaɗa guɗa, doguwa, siririya, har sai da Haladu ya waiwayo. Guɗar ta ƙare da dariya, sannan ta ɗaga murya ta ce, “Dallatu, ɗaga rediyon sama mana!”

Bayan wata biyu aka ɗaura aure. Tun daga ranar sunansa bai sake fitowa daga bakinta ba, don macen kirki a garinsu ba ta kiran sunan miji. Malam take cewa, in kuma da wasu take magana ta ce mai gidan. Shekararsu uku, sanƙarau ya shigo gari, ya ɗauke ta cikin kwana biyu. Daga baya Dallatu ya sake aure, ya yi 'ya'ya, ya ga jikoki, ba shi da abin da zai ce sai godiya ga Allah. Amma duk duniya wuri ɗaya ne ya rage inda Asama'u take kiran sunansa.

In 'yan majalisa sun matsa, yakan kawo kaset ɗin ya sa musu. Sai dai ana dab da wurin guɗar yake danna makunni.

“Haba Baba, yanzu fa aka fara daɗin! Me ke gaba?”

“Hayaniya ce kawai,” in ji shi.

Sauran nasa ne shi kaɗai. Ranar Juma'a in an sauko daga masallaci yakan tafi gona, ya zauna gindin kanya, ya ji guɗar, ya ji dariyar, ya ji sunan. Ya ciro kaset ya zura biro ya mayar da zaren baya don kada rediyon ta ci batir, ya sake sawa. Yakan yi sau biyar, sau shida, sannan ya yi mata addu'a ya tashi.

Bara kaset ɗin ya fara gajiya. Kukumar ta riƙa jan ƙafa, muryar Haladu ta yi nauyi. Kamaruddeen ya yi ta bin sa: “Baba, ka kawo in juye maka a waya kafin ya mutu.” Dallatu ya ƙi. Ya san halin rumfar nan, abin da ya shiga waya ɗaya ya shiga dubu. Sai wata Juma'a ya ji sunan ya fito dishi-dishi kamar daga cikin rijiya. Tsoro ya kama shi, irin wanda rabonsa da ji tun ranar da Asama'u ta kwanta ciwo.

Da hantsin Talata, tasha ba kowa, ya kawo rediyon da kaset ɗin a naɗe cikin tsumma.

“Kamaru, ni kaɗai za ka juye wa.”

“In sha Allahu, Baba.”

Kamaruddeen ya jona waya ya kunna. Haladu ya rera, taro ya amsa, guɗar ta tashi ta kai ƙarshe, dariyar ta soma. Sai aka ji ƙurus, komai ya tsaya. Da suka buɗe, zaren ya nannaɗe a jikin ƙarfe ya tsinke gida uku. Daidai wurin ya siraɗe kamar ɓawon albasa, kuma ba kowa ya cinye shi ba illa Dallatu da bironsa.

Mutumin da ya shekara arba'in yana faci ya zauna da reza da jan farce har azahar. Ya haɗa bakin zaren, ya kama. Amma da aka kunna, daga dariyar sai kukuma. Guntun da ya fita bai kai tsawon ɗan yatsa ba.

“Alhamdu lillahi, Baba,” in ji Kamaruddeen. “Waƙar ta fita duka. Hayaniyar ce kawai ta tafi.”

Dallatu ya dube shi, ya ce haka ne.

Kamaruddeen ba mugu ba ne, kada a ɗauki alhakinsa. A wurinsa waƙa ba abar ɓoyo ba ce, kuma tura wa aboki ɗaya ba saɓa alkawari ba ne. Abokin direba ne. Kafin wata ya zagayo Haladu ya isa Ɗanbatta da Shanono, samarin da ba a haife su ba lokacin da ya rasu suna musu a kan wa ya fara samunsa. Wani mai wayo kuma ya yanko guɗar ita kaɗai ya mai da ita ƙarar kiran waya.

Yanzu Dallatu yana jin ta ko'ina. A layin niƙa, a cikin motar haya, a bakin rijiyar burtsatse. Rannan har a sahun jana'iza ta tashi daga aljihun wani, Dallatu ya juya a firgice yana neman Asama'u cikin maza. Kullum kuma sai jikinsa ya tsaya yana jiran abin da ke biye. Ya daina zuwa gindin kanya, a majalisa ma ba a ƙara jin ya ambaci Haladu ba.

Makon jiya wani baƙo daga Shanono ya turo babur rumfar. Dallatu yana durƙushe yana neman huda a cikin ruwa, wayar mutumin ta ɗauki guɗa. Ya kai hannu zai amsa, Dallatu ya yi wuf ya riƙe masa wuyan hannu.

“Don Allah, ɗana, bari ta ƙarasa.”

Baƙon ya tsaya sororo. Guɗar ta kai ƙarshe, dariyar ta soma, ta yanke, ta koma farko. Sau uku tana haka kafin mai kiran ya haƙura.

“Baba, ai iya nan ne,” in ji baƙon a hankali.

“Na sani.”

Ya sake shi, shatin yatsunsa baƙi a hannun farar rigar mutumin. Ya koma kan tayar, amma bai ga hudar ba, ko da yake ruwan yana ta kumfa a gabansa. So yake ya tuna yadda Asama'u ta faɗi sunan, ko da dariya a ciki, ko ta gama dariyar tukuna. Shekara arba'in yana ji, yau ya nema ya rasa.