Takalmi ɗaya, mutum biyu

Assalamu alaikum jama'a! Ni ne dai Habu mai faci na bakin titin Koudoukou. Ba a sace min waya ba, ban kuma gudu Duwala ba kamar yadda ake ta faɗa. Jinya na yi. Yau da ƙafata biyu na taka har masallaci, babu sanda.

Ga wanda bai sani ba, muna da ƙungiyar samari ta gyaran unguwa, mu 'yan unguwar PK5 da na Miskine, Musulmi da Kirista. Duk Asabar muna yashe kwata, mu kwashe shara, mu gyara wa tsofaffi rufin da ke yoyo.

Dogayen takalman roba na shiga ruwa, da muke cewa bot, ba sa isar mu. Sai shugabanmu, Yaya Ɗanladi, ya kawo dabara: a raba kowane takalmi ga mutum biyu. Ƙafar bot a cikin kwata, ɗayar da silifas a kan gefe. Abokin takalmina Firmin ne, ɗan Miskine mai ƙaton ciki da ƙatuwar dariya. Shi hagu, ni dama.

Ana gab da azumi, muna aiki wajen unguwar Kokoro, na zame. Ƙafar silifas ce ta faɗa cikin kwatar, tsohon kwano mai tsatsa ya yanke ni a tafin ƙafa.

Me na yi? Abin da duk mai aikin moto, wato babur, yake yi a garin nan. Na zuba man birki, na ɗaure da tsumma. Firmin ya ce mu je asibiti, na ce masa ni ba jariri ba ne.

Ƙafa ta kumbura. Zazzaɓi ya zo. Na yi ta haƙuri ina cewa gobe zai faɗa, har na shiga azumi a haka. Ranar da Inna ta shigo ɗakina ta toshe hanci, ba ta ma yi min faɗa ba. Mayafinta kawai ta ɗauka.

A asibiti, likita ya kwance tsumman, ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Wa ya zuba mai a nan?" Na ce ni ne. Ya ɗauki biro ya ja layi a saman idon sawuna. Ya ce, "Idan baƙin nan ya wuce layin, ƙafar za mu cire."

Jama'a, ban taɓa kallon wani abu a duniya yadda na kalli layin biron nan ba.

Aka yi min allurar tetanus, aka sa ƙarin ruwa, aka ɗebi jini. Safar hannu, auduga, allura, komai sai an sayo a waje, kuma 'yan ƙungiya ne suka ɗauki nauyi. Gwaji ya nuna har da maleriya, jinina ya yi ƙasa sosai. Likita ya ce dole a shiga da ni tiyata a ranar a kankare ruɓar, amma ba zai taɓa ni ba sai an samo jini.

Kafin azahar samarin unguwa sun cika barandar, kowa ya naɗe hannun riga. Ma'aikaciyar ɗaukar jini ta dube su ta ce, "Wa ya ci abinci yau?" Duk masu azumi ne, leɓe a bushe. Ta ce a zafin nan ba za ta ɗebi jinin wanda ko ruwa bai sha ba, salon ya faɗi mata a ƙasa. Jira har magariba kuwa, likita ya ce ƙafar ba za ta jira ba.

Inna ta zauna a ƙasa tana salati. Na leƙa ƙafata. Baƙin ya kusa taɓa layi.

Yaya Ɗanladi ya kira abokanmu Kiristocin Miskine a waya.

Ba a jima ba muka ji moto sun tsaya. Firmin ne a gaba, burodi a baki, ragowar a hannu. Tun daga ƙofa yake ihu da Sango, yaren garin nan: "Madam, na ci gozo, tuwon rogon nan, na ci kifi, ga shi ina ƙarawa! Ɗebi!" Har masu azumin sai da suka yi dariya. Ya leƙo gadona ya ce, "Kai jariri, idan aka yanke ƙafar nan, da wa zan raba bot?"

Jininsa ya dace da nawa. Allahu Akbar!

Da na farfaɗo daga tiyata, ƙafar na fara nema. Na ɗaga zane a hankali. Tana nan! Ƙaramin yatsa kawai ya tafi.

Wankin ciwon kullum da safe, wannan ba na yi wa maƙiyina fatansa. Na ciji filo har ya yage. Amma nama ya riƙa cikowa ja, layin biro ya goge da kansa.

Yanzu tsokana ta ishe ni. Wai tunda jinin Firmin ke jikina, shi ya sa nake cin kwano biyu. Inna kuwa ta daina cewa Firmin, sai "ɗana na Miskine". Ranar Sallah shi ta fara zuba wa miya kafin ni.

Na gode wa Allah. Na gode wa Inna, da likita, da Madam da ta ƙi ɗibar jinin masu azumi, da duk wanda ya naɗe hannun riga ranar. 'Yan Miskine, singila mingi, na gode ƙwarai.

'Yan'uwana masu moto, man birki na birki ne. Ƙarfe ya yanke ka, wanke da sabulu da ruwa mai tsabta, ka tafi asibiti a ranar, ka nemi allurar tetanus. Ka san irin jininka tun kana lafiya.

Dabarar takalmi ɗaya kuma an soke ta. 'Yan kasuwar Koudoukou sun sayo mana bot, kowa da nasa cikakke. Jiya Firmin ya kawo min nawa har gida, ya ajiye a gabana ya ce, "Ƙirga da kyau. Biyu ne, kuma duka za ka sa."

Na sa duka biyun. Asabar ina Kokoro, in sha Allah.