Baba Ladan Mai Kalangu, Mun Gode

Da hantsin ranar Talata, 11 ga Fabrairu, 2025, Allah ya yi wa Baba Ladan mai kalangu rasuwa a gidansa da ke unguwar Limawa a Minna, bayan jinyar mako uku. Ɗansa Umar Faruk, mai buga mana ganguna, shi ya kira ya sanar da ni. Sunana Hadassah, ni ke rera waƙa a ƙungiyarmu ta kiɗan rok, Layin Dogo.

Baba, ba ka taɓa hawa dandamali tare da mu ba, amma duk wanda ya ji kiɗanmu yau ya ji hannunka.

Mu huɗu ne. Shekara biyu muka yi muna gwaji a wani tsohon shago a Shango, muna kwaikwayon waƙoƙin Turawa, har da yadda suke karya murya. Duk tsawon lokacin nan Umar bai gaya mana sana'arka ba. Cewa yake mahaifinsa yana harka a kasuwa. Kunya yake ji a san kai ne ke wa mahauta kiɗa, kamar yadda naka mahaifin ya yi tun da jirgin ƙasa ya sauke shi a Minna.

Wata Asabar da la'asar sai ga ka a ƙofar shagon, kalangu rataye a kafaɗa. Ka san yaronka yana ɓoye ka, amma ba faɗa ya kawo ka ba. Ka gaishe mu, ka zauna a benci, ka saurari waƙa uku. Da muka tsaya, ka ce ƙara kam akwai ta, sai dai ba ka ji kowa a cikinta ba. Sannan ka ce: "'Ya'yana, kowa ya gaya mini abin da ake kaɗawa a gidansu."

Stephen mai kaɗa mana jita ya fara. Ya ce a wani ƙaramin coci a Chanchaga ya koyi jita, da wata tsohuwar jita mai tsirkiya huɗu kacal, shi ya sa har yanzu yatsunsa ba sa son sauran biyun. Mai fiyanonmu, wanda ake kira Jiya, ya ce kakarsa mawaƙiyar biki ce, duk waƙoƙinta na Nufanci suna kansa. Ba mu taɓa sani ba. Ni kuwa na ce mahaifiyata tana waƙa da Gbagyi in tana dawowa daga gona da doya a kafaɗa, amma ni tun ina sakandare na daina yaren. Ka sa na rera ɗaya. A baiti na biyu na kakare. Ba ka yi dariya ba. Ka ce in je in tambaye ta tun tana da rai.

Na je, Baba. Waƙa goma sha ɗaya na ɗauka daga bakinta a wayata, tana yi tana gyara mini lafazi. Bayan wata takwas ta rasu. Ban san da wane baki zan gode maka wannan ba.

Umar ne na ƙarshe a ranar. Kansa a ƙasa ya ce: "A gidanmu kalangu ake kaɗawa. Wannan babana ne." Ka cire kalangun daga kafaɗarka ka miƙa masa. Ashe ya iya, tun yana ɗan shekara shida ka koya masa.

Daga nan kowace Asabar kana zuwa. Jita ba ta burge ka sosai, ka sha faɗa, amma ka zauna da Stephen har ta koyi amsa wa kalangu. In muka yi gaggawa sai ka ɗaga hannu, mu sassauta. Matarka Inna Barira kuwa ba ta taɓa barinka ka zo mana hannu rabbana ba, ko ƙosai ne sai ta ƙunso.

Ranar jana'izarka mahauta suka rufe teburansu suka raka ka. Mu ma muna nan, Kiristanmu da Musulminmu.

Allah ya jiƙanka, Baba Ladan. Ya yafe maka kurakuranka, ya haskaka kabarinka, ya saka maka da Aljanna. Inna Barira, Umar Faruk, 'yar'uwarsa Rukayya da sauran dangi, Allah ya ba ku haƙuri. Rashin nan namu ne tare da ku, mu ma uba muka binne.