Kalmar "Wanga" Ce Ta Tona Mini Asiri

Edita, sallama gare ka da masu karatu. Ni haifaffen Gurbin Bore ne ta ƙasar Zurmi, kuma lokacin da wannan abu ya faru ina saurayi, ban daɗe da gama karatun aikin gona a kwalejin fasaha ta Kaura Namoda ba. Ba yabon kai ba, a ajinmu ana ji da ni. Idan malami ya yi tambaya aji ya yi tsit, ni ake juyowa a kalla. Ina da aboki ɗan Shinkafi da muka zauna ɗaki ɗaya tun shekarar farko, mutum mai fara'a da surutu kamar rediyo, amma a karatu sai an ja shi. Duk jarrabawa ni nake zaunar da shi in yi masa bita. Da muka gama, kawunsa ya ba mu wani ɗan shago kusa da kasuwar hatsi, muna sayar da iri da maganin feshi da buhunan adana wake. Shi yake janyo mutane da bakinsa, ni nake ba su amsa idan sun zo da matsala. A raina na riga na yanke cewa ni ne mai abin, shi ɗan rakiya ne.

Sai dai ina da wani tabo da ban taɓa bari ya warke ba. Muna makaranta aka tura ni Kano koyon aiki a wani wurin sayar da iri. Ranar farko na ɗauko buhu na tambayi inda zan ajiye wanga. Wani ma'aikaci ya kwashe da dariya, ya kira 'yan uwansa ya ce in maimaita. Daga ranar sunana ya ɓace, na koma Malam Wanga har na bar garin. Yanzu na san tsokana ce kawai, domin mutanen nan har tuwonsu na ci, amma a lokacin abin ya yi mini ciwo ƙwarai. Na dawo gida na ɗaura ɗamarar goge harshena. Na daina cewa wanga sai wannan, na daina shina sai yana, na daina awo sai e. Har mahaifiyata ta taɓa tambayata ko an musanya mata ɗa a Kano. Abokina kaɗai na ba labarin sunan nan. Ya yi dariya sau ɗaya, da ya ga raina ya ɓaci bai ƙara ba.

Wata rana kasuwa ta yi sanyi, muna zaune a benci, sai ya kawo shawarar mu riƙa ɗaukar gajeren bidiyo muna ɗorawa a shafukan sada zumunta. Hujjarsa ita ce manoma da yawa ba sa iya shigowa Kaura yadda suke so saboda hanya ba lafiya, amma babu gidan da za a rasa mai waya. Ya ce ni zan riƙa bayani tunda ni na san abin. Nan take na jero masa dalilai: na ce riya ce, na ce bakin mutane ba shi da kyau, na ce wayarmu ba ta ɗauka da kyau. Duk ƙarya nake yi, tsoro ne kawai. Sau nawa na zagaya bayan shago na ɗauki kaina ina magana, da na saurara sai in ji kamar duk Kanawan duniya suna zaune cikin wayar suna jiran in yi tuntuɓen harshe, sai in goge. Da ya gaji da lallashi sai ya ce to in riƙe masa waya, shi zai yi. Na riƙe ina dariya a ciki, domin Zamfarci ya zuba tsantsa, irin wanda kakarsa take yi, ko gyara murya bai yi ba. Na ce a raina gobe za su koya masa hankali.

Ba su koya masa komai ba, sai ma addu'a da suka yi ta zuba masa. Kafin damina ta fita, mutane sun fara zuwa shago daga Sakajiki da ƙauyukan Shinkafi suna tambayar ina mai bidiyo. Ranar da abin ya fi tsaya mini a wuya, wani dattijo ne ya zo da ganyen dawa da tsutsa ta ci. Na duba na gaya masa maganin da yadda zai haɗa. Ya yi godiya, ya nemi wuri ya zauna, ya ce zai jira malamin ya dawo ya ji daga bakinsa. Malamin kuwa, wato abokina, da ya dawo, ni ya juyo ya tambaya, sannan ya maimaita wa dattijon abin da na faɗa, dattijo ya tafi yana sa masa albarka. Ba zan yi wa abin ado ba, Edita, hassada ce ta kama ni. Da safe kafin in karya sai na duba yawan mabiyansa, idan sun ƙaru abincin ma ba ya yi mini daɗi. Mutumin da ni na koya wa bambancin takin zamani da na gargajiya a takarda, yau shi ne malam, ni kuma mai riƙe waya.

Maimakon in yi amfani da shafina mai sunana in faɗi abin da na sani, sai na buɗe wani da sunan ƙarya, na sa hoton mota, na rubuta cewa a Kano nake. Da wannan shafi na riƙa binsa. Duk bidiyon da ya ɗora sai na shiga na yi masa sharhi da gogaggiyar Hausata, in ce ya je ya koyi magana, in ce irinsu ne suke sa a raina mutanen Zamfara, in kwaikwayi kalmominsa in jera alamun dariya. Abin da ya fi muni, wani lokaci muna benci ɗaya nake rubutawa, kwanon ɗanwake a tsakaninmu. Shi kuma sai ya miƙo mini waya ya ce ɗan'uwa dubi mutumin nan ya sake dawowa, me na tare masa? Ni kuwa in girgiza kai in ce ya rabu da shi, 'yan baƙin ciki ne. Akwai lokacin da ya yi mako guda bai ɗora komai ba, ya ce gwiwarsa ta yi sanyi. Wallahi a makon nan na ji daɗin da yau nake jin kunyar tunawa.

Da kaka ta yi, na nuna masa wata dabara ta gane ko hatsi ya bushe kafin a ɗure shi a buhu: a zuba shi da busasshen gishiri a kwalba mara danshi a girgiza, idan gishirin ya manne a jikin kwalba to da sauran shanya. Na tafi Gurbin Bore kwana biyu, kafin in dawo ya ɗauki bidiyon abin shi kaɗai. Bidiyon nan ya zagaya fiye da duk na baya, har wani ɗan kawuna ya turo mini yana cewa in ga abokina mai basira. Na kalli rabi na kasa ƙarasawa, zuciyata tana tafasa. Dabarata ce, daga bakina ya ji ta. Ban tsaya tauna kalmomi yadda na saba ba, na shiga shafin ƙaryar nan na rubuta: "Ka je ka koyi Hausa tukuna kafin ka koya wa mutane noma. Wa zai tsaya sauraron wanga surutu na ƙauye?" Na tura, na jefa waya a aljihu, ban ma sake karantawa ba.

Da na dawo shago ban ga wani babban sauyi ba. Ya gaishe ni, ya tambayi mutanen gida. Sai dai ya sayo sandar ɗora waya mai ƙafa uku, ya daina cewa in riƙe masa, kuma bai ƙara nuna mini sharhin kowa ba. Ni a wautata na ɗauka girman kai ne ya fara shigarsa.

Ba a jima ba wata ƙungiya mai tallafa wa manoma ta neme shi saboda bidiyoyinsa. Mutum biyu suke so, ɗaya ya riƙe ɓangaren Shinkafi, ɗaya ɓangaren Zurmi, su riƙa isar da bayani ta waya zuwa inda ma'aikata ba sa iya shiga. Shi an ɗauke shi kai tsaye, sai ya ba da sunana a gurbi na biyu. Na je ganawa da takarduna a jaka, na sha guga. Matar da ke shugabantar aikin 'yar Filato ce da ta daɗe a Kaura, Hausa a bakinta raɗau. Ta duba takardun ta yaba, sannan ta ce in nuna mata shafina. Babu komai a ciki sai hoton fure da gaisuwar Juma'a. Ta ce ba komai, in ɗauka ita tsohuwa ce a Gurbin Bore, in yi mata bayanin adana wake. Na buɗe baki, sai ga Hausar aro tana fita a sandare, ina cusa Turanci ina gumi. Ta saurara har na gama, ta ce ilimi kam akwai shi, amma tsohuwar nan da tuni ta koma kan dakanta. Wani ɗan Zurmi suka ɗauka wanda ko rabin karatuna bai yi ba, amma ya saba magana a waya yadda uwarsa ta koya masa.

A hanyar komawa abokina ne ya goyo ni a babur. Baƙin ciki ya sa na fara zuba masa magana, na ce da dabaruna ya yi suna, na ce ya kai ni ne don a yi mini dariya. Ya ci gaba da tuƙi har muka kai wajen tsohuwar tashar jirgin ƙasa. Ya tsaya a gindin wata bishiya, ya kashe babur, ya ciro waya ya nuna mini hoton sharhin nan da ya adana, ya ɗora yatsa a kan kalma ɗaya. Ya ce Bakano ba ya cewa wanga, kuma a duk wanda ya sani mutum ɗaya ne harshen garinsu yake yi wa ciwo haka. Ya ce tun ranar ya koma ya karanta sauran sharhin duka, ya ji muryata a cikinsu. Da ƙyar na tambaye shi, tunda ya sani, don me ya ba da sunana? Ya ce don na fi kowa sanin aikin, wannan kuma halina bai canza shi ba. Sannan ya tambaye ni ko na kalli bidiyon gishirin nan har ƙarshe. Na ce rabi na kalla, ya tada babur.

Da na isa ɗaki na buɗe bidiyon na ƙarasa. A ƙarshensa ya ambaci sunana da garinmu, ya ce duk abin da yake faɗa daga wurina yake ji, kunya ce kawai ta hana ni fitowa, su taya shi roƙona. A ƙarƙashin wannan bidiyo na rubuta zagin nan. Na yi kuka kamar ƙaramin yaro.

Washegari na same shi na roƙi gafara, ya ce ya yafe duniya da lahira, kuma na yarda har zuciyarsa ya faɗa. Amma aiki ya mayar da shi Shinkafi, shago ya koma hannun kawunsa, gaisuwarmu ta koma ta Sallah zuwa Sallah. Na goge shafin ƙarya. Bayan wasu makonni na tsaya gaban rumbun mahaifina, na jingina waya a kan turmi, na ɗaga damin gero na fara da cewa wanga gero da kuke gani. Na ɗora a shafina mai sunana kafin zuciyata ta hana ni. Yau da wannan shafi nake cin abinci, masu gonaki suna kirana in duba musu amfanin gona har daga wajen jiha.

Abin da na koya shi ne, tsoron fitowa ba ya tsayawa a matsayin tsoro. Idan ka daɗe kana ɓoye abin da Allah ya ba ka, wata rana za ka ga wani ya fito da nasa, sai tsoron ya rikiɗe ya zama hassada, kuma na kusa da kai za ta fara ci. Ina kira ga matasa masu sana'a ko ilimi a hannu: ku fito da sunanku da harshen gidanku, ku faɗi abin da kuka sani. Idan kuma ka ji yatsanka yana ƙaiƙayin rubuta wa wani baƙar magana da sunan da ba naka ba, ajiye wayar ka tambayi kanka me kake tsoro.

Shekara biyu ke nan ina magana da Zamfarcina a gaban duniya. Masu dariyar da na ɓata ƙuruciyata ina gudu, har yau ko ɗaya bai zo ba. Ashe ni kaɗai ne mai dariyar. Kullum na ɗora bidiyo ina bin sharhi ɗaya bayan ɗaya, mutane suna ta sa albarka. Suna ɗaya nake nema a ciki, na abokina, kuma har yau ban gan shi ba.