Ranar da Baba Ya Saukar da Silo

A shekarun da nake aikin duba lafiya a ƙauyukan da ke tsakanin Anka da Bukkuyum, ofishinmu ya ba ni wani babur mai ƙafa huɗu, irin wanda ba ruwansa da laka ko yashi. Da damina nakan kutsa da shi ta hanyoyin gona, gero ya rufe ni hagu da dama, ba na ganin komai sai kore da ɗan tsagin sama. Har yanzu, in na kishingiɗa bayan azahar, wani lokaci sai in tsinci kaina a kan hanyar nan, ganye yana shafar kafaɗata, ba inda za ni, tafiya kawai nake yi.

A damina ta uku babur ɗin ya fara ciwo. Duk sanda na hau tudu sai in ji wani ƙyal-ƙyal daga cikin injin, kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwanin madara. In kuma na tsaya na saki totur, maimakon ya kwantar da murya sai ya yi ta gurnani. Wannan numfashin da inji ke yi a tsaye shi makanikai ke kira silo. To, silonsa ya hau, ya ƙi sauka.

Na ɗora laifin a kan man 'yan bumburutu, na juye tanki na zuba na gidan mai, ba abin da ya sake. Wani a Anka ya canza fulogi. Wani a Bukkuyum ya yi ta murza ƙusar silo har ta kusa faɗowa a hannunsa, sannan ya ce injin Turawa ne, haka suke da faɗa. Ni dai na san inda ya kamata in je tun farko, kewaye-kewaye kawai nake yi.

Babana makaniki ne a Gummi, kuma da kunne ya yi suna. Babur zai wuce ta bayan katanga ya faɗi abin da ke damunsa. Amma shekara biyu ke nan kunnen yana tafiya kaɗan-kaɗan, kuma duk gidan mun sani ban da shi. Inna ta hana kowa ya faɗa masa, sai dai mu ɗaga murya in za mu yi masa magana. Tsorona ke nan, kada ya zama ni ne zan kai masa ƙarar da ba zai ji ba.

Da na rasa yadda zan yi, na je da hantsi ranar da ba kasuwa, lokacin da na san rumfarsa ba kowa. An yi ruwa da asuba, ƙasa tana ƙamshi, inuwar dogon yaro tana yawo a kan tsofaffin tayoyi. Ya zagaya babur ɗin sau biyu yana murmushi.

"Mi as same shi? Yi man kukan da bakinka."

Wannan ƙa'idar rumfarsa ce tun muna yara, ko hakimi ne sai ya kwaikwayi kukan injinsa. Na tsaya ƙato da ni, da rigar aiki, ina ta ƙyal-ƙyal-ƙyal. A nan na lura ba saurarena yake yi ba, leɓena yake kallo. Zuciyata ta karye.

Ya ɗauko wani dogon sukundireba, ya dafa tsininsa a kan injin, ya ciji ƙotar da haƙoransa, ya rufe ido. Na tayar da injin, na taka birki, na sa giya, na ja totur a hankali. Mun daɗe a haka. Fuskarsa ta yi sanyi kamar ta mai barci, ni kuma ina kallon furfurar da ban san ta kai haka yawa ba.

"Ba mai na ba," in ji shi da ya buɗe ido. "Iska shika sha ta inda babu ƙohwa. Mai kaɗan, iska da yawa, dole shi yi zahi shi yi ta hwaɗa."

Ya tsinci gashin kaza a ƙasa, ya tsoma a fetur, ya riƙa shafa shi a jikin robar da ta haɗa kafireta da inji, ɗaya hannun yana kan tanki. Da gashin ya kai ƙarƙashi sai injin ya zabura. Muka kwance robar, ga wata tsaga siririya, sai an lanƙwasa take buɗe baki. Ya zazzage buhun tarkacensa, ya samo wata ya datse ta daidai, ya ɗaure. Na tayar, shi kuma ya kama ƙusar silo yana juyawa da kan yatsa.

Gurnanin ya fara sauka. Ya sauka, ya sauka, har ya koma wani tattausan bugu da ban taɓa jin babur ɗin ya yi ba. Sai ga kukan kurciya ya fito daga cikin bishiya, ga sautin daka daga wani gida can nesa. Na tsaya ina jin daɗin duniya, na manta da komai.

Baba ya tsuke fuska.

"Ya mutu," ya ce. "Na cika rage shi. Sake tashe shi."

Ya miƙa hannu zai danna maɓalli. Ban san sanda na riƙe wuyan hannunsa ba. Na ɗora tafinsa a kan tanki, inda ƙarfen yake rawa a hankali. Ya dubi hannun, ya dubi bututun salansa yana fitar da ɗan hayaki, sannan ya dube ni.

"Tun yaushe kunka sani?"

"Shekara biyu, Baba."

Bai ɗauke hannun ba. Ya gyaɗa kai.

"Shi as sa ke nan," ya ce. "In kuna man magana ina ganin jijiyar wuyanku a miƙe, kai da innarka da ƙannenka duka. Na aza hushi kukai da ni. Kullum ina ta bincike, ban gano abin da niy yi muku ba."